Jirgin ƙasa na tafe Daura, amma wa zai kai mutumin Baure tasha?

Jama'a, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya ga aikin layin dogo da idonsa. Tun Fabrairun 2021 marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi: kimanin kilomita 284 daga Kano, ya bi Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, ya tsallaka Maraɗi. Kamfanin Mota-Engil ke yi, kuɗinsa ya kusa dala biliyan 2. Ina cikin masu murna. Amma akwai abu biyu da ban ji muna tattaunawa ba, kuma duka biyun ba Abuja ce za ta yi mana su ba.

Na farko, jirgi a tasha yake tsayawa. Ba zai shiga Baure ko Zango ya ɗauko kowa ba. Manomin da ke da buhu biyar na riɗi sai ya nemi abin da zai kai shi tashar tukuna. Kun san yadda kuɗin mota ya koma tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce haka. Idan kuɗin acaɓa da na lodi daga ƙauye zuwa tasha ya cinye rangwamen da jirgin zai yi masa, to me talaka ya samu?

Na biyu, tasha tana jan gari zuwa gare ta. Mun ga haka a baya. Da dogo ya iso Kano a 1911, ciniki ya karkata wajen tasha da Sabon Gari. Haka aka yi a Zariya. Yau kuma filaye sun yi tsada, kowa ya ga yadda ake ta cin badalar Kano ana kafa shaguna. Daura ba ta kai Kano girma ba, don haka ɓarnar za ta fi saurin gamawa da ita. Rijiyar Kusugu da fadar Sarki suna da masu kula da su. Tsofaffin soraye da zauruka na cikin unguwanni fa? Mai gida ya ga yaɓe na cin kuɗi duk shekara, ga mai neman wurin shago ya zo da kuɗi a hannu. Wallahi ba zan ga laifinsa ba in ya sayar. In maginan tubali da azara da makuba suka rasa aiki, 'ya'yansu ba za su koya ba, shi ke nan sana'ar ta tafi.

To ina kuɗin zai fito? Tsarin mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi kasuwanni da tashoshin mota. Suna da kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, kuma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, duk da aiwatarwar na jan ƙafa. Masarautar Daura na da ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango. Me zai hana su haɗa asusu ɗaya na sufuri, a sa ƙananan motoci masu tashi a kan lokaci, lokacin ya dace da na jirgi da ranakun kasuwa?

Amma don Allah kada a maimaita abin da muka saba. Na daɗe a aikin gwamnati, na san yadda ake yi. Sayen motoci ba ya wahalar samun sa hannu, domin akwai biki da hoto. Kuɗin taya da bakin mai da makaniki shi ne ba a sawa a kasafi. Bayan shekara biyu sai ka tarar da motocin a bayan sakatariya, awaki na kwana ƙarƙashinsu. Gara a ba direbobin da ke kan hanyar tun asali bashin mota ta hannun ƙungiyarsu, a ƙayyade farashi da lokaci, hukuma ta cike giɓin mai a hanyoyin da ba su da riba.

Batun tsohon gari kuwa, akwai abin koyi a jihar Masacuset ta Amurka. Tun 2000 suke da doka da ta ba kowane gari damar jefa ƙuri'a ya ƙara har kashi 3 cikin 100 a kan harajin gidaje, jiha ta ƙara musu wani abu, kuma dole a ware wa gine-ginen tarihi aƙalla kashi 10 na kuɗin. Mu ba mu da tsayayyen harajin gida irin nasu, kuma ba na kiran a ƙara wa kowa haraji a wannan hali. Abin da nake cewa, sabon kuɗin shiga da tashar za ta kawo, na shaguna da lodi da ajiye motoci, a yanki ƙayyadadden kaso da doka don gyaran tsohon gari. Kwamiti ya ƙunshi masarauta, magina, 'yan kasuwa da mata, a liƙa lissafi a bango duk wata uku.

Na san wani zai ce ana fama da yunwa da rashin tsaro, kai kana zancen soro. Gaskiya ne, kuma ban ce a taɓa kuɗin asibiti ko na makaranta ba. Wani zai ce cinyewa za a yi. Yana iya faruwa, shi ya sa na nace a kan lissafi a fili. Sai dai makarantar da ba a gina bana ba ana iya gina ta baɗi, soron da aka rushe kuwa ya tafi ke nan.

Lokacin yin wannan magana shi ne yanzu, kafin a gama rabon filayen bakin tasha. 'Yan uwa na Kazaure da Mashi da Dambatta, ku ma zancen ya shafe ku. Ku tambayi kansilolinku ko an taɓa zama a kai, ku faɗa mana abin da suka ce. Allah Ya sa mu dace.