Wa Ya Haɗa Madubin Amaryar Littafinmu?



Mun karanta labaran da aka turo wannan zaure cikin 'yan makonnin nan, kuma akwai abin da ya ishe mu. Duk inda aka zo ranar jere, magana ɗaya ce: kayan ɗakin amarya 'yan Turkiyya ne ko 'yan Dubai, masu kyau da tsada. Sai jaruma ta zauna gaban madubi, ta ja durowa, ta ɗauko turare. Durowar nan ba ta taɓa cijewa. Ba wanda ya auna ta, ba wanda ya ci bashi a kanta. Daga sama take faɗowa cikin babi na goma sha biyu. Mu ma mun rubuta irin wannan ba sau ɗaya ba, don haka kada wani ya ce da shi muke.

Abin haushin shi ne da yawanmu a Kano muke, garin da ke da Bompai da Sharada da Challawa. A nan masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na alawa suka ciyar da gidaje masu yawa. Daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 naira ta fara faɗuwa, wuta ta ƙi tsayuwa, atamfar China ta cika Kantin Kwari, ƙofofi suka yi ta rufuwa. A daidai waɗannan shekaru ne Adabin Kasuwar Kano ya bunƙasa. Wato muna buga littafi, maƙwabcinmu yana karɓar takardar sallama. Ina ya tafi? Wani ya hau acaɓa, wani ya kama gadi, wani ya share zauren gidansa ya kafa benci, ya sayi zarto da guduma. A littafi nawa muka ba shi ko da shafi biyu?

Mun zauna wuni guda da irin wannan mutum a bayan Sharada, yana haɗa madubin kwalliya mai durowa shida. Ga abin da ba mu sani ba, alhali mun daɗe muna kiran kanmu marubuta.

Bai fara da katako ba. Ya fara da tambayar faɗin ƙofar ɗakin amarya, don ya sha ganin kaya sun iso ranar jere sun ƙi shiga, mata na tsaye ana ta baƙar magana. Sannan ya zana fasalin a bayan kwali da fensir, yana lissafin yadda zai fitar da gefuna da sama da fuskokin durowa daga falle ɗaya mai ƙafa huɗu da takwas ba tare da ɓarna ba. Kuskuren inci ɗaya a nan yana iya sa a sayo wani fallen, kuma daga ribarsa za a cire.

Sai zancen katako. Mafi yawan wanda ake sayarwa a 'Yan Katako ta Na'ibawa daga dazukan kudu yake zuwa, inda iska ke da laima. In an yi aiki da shi ɗanye, hunturun Kano zai tsotse shi, ya kankance, ya tsage, fuskar durowa ta murɗe. In kuma an matse durowa sosai a lokacin rani, da damina ta kama sai ta kumbura ta ƙi fita. Shi ya sa yake jingine falanki a inuwa makonni, yake kuma barin 'yar tazara a kowane gefe, wadda ido ba ya gani sai hannu. Kusurwar durowa kuwa iri biyu ce. Akwai wadda aka buga wa ƙusa aka shafa gam, minti biyar an gama. Akwai wadda aka yanka wa haƙora suka shiga cikin juna, ta yadda duk jan da aka yi ƙara riƙewa take. Ta biyun tana cin yini. In an fesa fenti, mai saye ba zai bambance su ba sai bayan shekara uku.

Yanzu ku faɗa mana, wannan ba labari ba ne? Mutum shi kaɗai a zaure, da zaɓi biyu a gabansa, kuma ba mai ganinsa sai Allah. Mu da muke ta neman hanyar nuna halin jarumi har muna sa shi dogon wa'azi, ga hanya a kusurwar durowa.

Ga rikicin ma a shirye. Uwar amarya MDF take so, mai sheƙi kamar wanda ta gani a waya. Kafinta ya san garin katako ne aka matse da gam: ruwan mofa in ya taɓa ƙafarsa sai ya kumbura, in an kwance noti sau biyu ba ya sake kamawa. Kuma ya san kayan ɗaki a ƙasar Hausa suna tafiya. Ana tashi daga gidan haya, ana kuma kwashe kaya in aure ya mutu. Zai iya kallon uban amarya ya ce masa, Alhaji, a yi mai ƙarfi saboda ranar kwashewa? Ba zai iya ba. Sai ya yi shiru ya yi abin da aka ce. Sannan ga kuɗin kafin alƙalami da aka ba shi watanni kafin biki. A 2023 an cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, aka saki naira a Yuni. Kafintan da ya yi ciniki kafin nan ya je kasuwa ya tarar farashin falle da madubi da man janareta duk sun gudu sun bar shi. Mu abin da muka sani kawai shi ne kafinta ba ya cika alkawari, kuma in mun tuna da shi a labari, don a yi dariya ne. Akwai maƙaryata a cikinsu, ba mu musa ba. Amma ko ƙaryar ma ai tana da dalili, kuma dalilin shi ne aikinmu.

Mun san amsar da za a ba mu a ƙasan wannan rubutu: mai karatu ta gaji da talauci, ta biya kuɗinta ne don ta huta, gidan mai kuɗi take so ta shiga. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a kori Alhaji daga littafi ba. Amma wannan mai karatun fa tana da durowa a ɗakinta. Ta san wadda ke cijewa a watan Agusta, ta san wadda marikinta ya cire aka ɗaura igiya, ta san mahaifinta ya sayar da fili ko ya ci bashi kafin a kawo ta. In ta ga haka a shafi, za ta yarda da duk abin da aka faɗa mata bayansa, har da soyayyar. Kayan Turkiyyan da muke rubutawa ba su da nauyi ba su da ƙamshi, domin mu kanmu ba mu taɓa su ba, a hoto muka gani.

Wata 'yar uwa za ta ce ita ba ta zuwa shagon kafinta. Ba sai kin je ba. Zaro durowar madubinki gaba ɗaya, ki kife ta. Ki duba ko ƙusa ce ko haƙora, ko bayan filawud ne ko kwali. Sau da yawa za ki tarar da lambobi da fensir a cikin katakon, awon da mai aikin ya rubuta wa kansa, fenti bai kai wurin ba.

Namu kafintan, da la'asar ta yi aka ɗauke wuta yana tsakiyar durowa ta huɗu. Ya dubi janareta, ya girgiza galan, ya ajiye. Sai ya ɗauko zarton hannu ya ce wa yaronsa ya riƙe masa falankin, saura kwana tara jere.