Mai Ciwon Daji Na Buƙatar Kulawar Da Ta Wuce Magani

Zuwa ga Edita,

Ciwon daji na daga cikin cututtukan da ke ƙara yawa a Najeriya. Alƙaluman hukumar binciken cutar ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, sun nuna cewa a shekarar 2022 sama da mutum dubu 120 ne suka kamu a ƙasar, kusan dubu 80 kuma suka rasu. Sankarar mama da ta bakin mahaifa su ne kan gaba a tsakanin mata, ta mafitsara kuma a tsakanin maza. Idan ana maganar cutar, hankali kan tafi ga tiyata da ƙarin ruwan magani da gashi. Sai dai akwai wasu buƙatu na majinyaci da iyalansa waɗanda ba a cika kula da su ba, alhali su ne sukan sa mutum ya ci gaba da zuwa asibiti ko ya daina.

Ta farko ita ce bayani. Sau da yawa likita kan sanar da 'yan uwa sakamakon gwaji, su kuma su ɓoye wa mai ciwon don tausayi. Wanda bai san abin da ke damunsa ba ya fi saurin karɓar jita-jita, musamman maganar da ta yaɗu cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe. Wannan magana ta sa mata da yawa sun ƙi yarda a ɗebi tsoka don gwaji, suka koma shafe-shafe da shan jiƙo, sai ƙurjin ya fashe sannan a kawo su asibiti. Bayani da Hausa, a tsanake, a ɗakin da babu cunkoso, yana rage wannan asara.

Ta biyu ita ce kwanciyar hankali. Tsoron mutuwa, rashin barci da baƙin ciki mai tsanani suna tafiya tare da cutar. Tawakkali da addu'a ginshiƙai ne ga majinyaci, amma ba su hana a duba damuwar da ta kai matsayin ciwo ba. A ƙasashe da dama ma'aikaciyar jinya kan tambayi mai ciwon ya auna damuwarsa daga sifili zuwa goma, kamar yadda ake auna zafin jiki, wanda abin ya yi masa yawa sai a tura shi wajen likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara. Wannan tambaya ba ta cin ko kwabo.

Ta uku ita ce rage raɗaɗi. A 2014 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince cewa kulawar sauƙaƙa wahala wani ɓangare ne na aikin lafiya. Duk da haka, ruwan mofin da ake sha, wanda ba shi da tsada, ba ya samuwa a yawancin asibitocin ƙananan hukumomi, wasu ma'aikata kuma suna tsoron rubuta shi.

Ta huɗu ita ce aljihu. Wuraren gashi a Arewa ba su da yawa, sanannu daga cikinsu su ne Zariya da Sakkwato da Abuja. Gashi kan ɗauki kwana biyar a mako har tsawon makonni, ƙarin ruwan magani kuma galibi duk bayan mako uku. Saboda haka mutumin ƙauye sai ya biya kuɗin mota da abinci da makwanci, shi da mai jinyarsa. Ana ganin irin waɗannan masu jinya kwance a kan tabarma a barandar asibiti, sun bar gona da sana'a. Asusun tallafin masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 a asibitoci shida, ciki har da na koyarwa na Zariya da na Gombe, ya taimaka wajen magani, amma ɗawainiyar hanya da masauki tana nan a wuyan iyali.

Ta biyar ita ce rayuwa bayan magani. Matar da aka cire wa mama kan yi fama da kumburin hannu da kasala, ga fargabar dawowar ciwon duk lokacin da ta ji wani ƙullutu. Wata za ta shafe shekara biyar ko fiye tana shan ƙwayar kariya. Wata mijinta ya juya mata baya, ko a ware mata kwano, alhali daji ba ya yaɗuwa ta cin abinci ko zama tare. Maza kuma da aka yi wa aikin mafitsara kan sami raunin riƙe fitsari ko na kusantar iyali, kunya ta hana su faɗa.

Gyara bai fi ƙarfin hukuma da al'umma ba. Ya kamata kowane sashen ciwon daji ya sami mai ba da shawara da jami'in walwala masu jin harshen majinyata. Cibiyar bincike da maganin cutar ta ƙasa ta sa auna damuwa cikin ƙa'idojin aiki. Gwamnatocin jihohi su kai maganin raɗaɗi manyan asibitocinsu tare da horar da ma'aikata. Hukumomin zakka da waƙafi da masu hali su gina masauki kusa da wuraren gashi. Limamai da gidajen rediyo su wayar da kan mazaje kan haƙƙin matar da ke jinya. Waɗanda suka warke kuma a haɗa su da sababbin majinyata, domin maganar wanda ya sha ruwan maganin ya tashi ta fi shiga kunne.

Wassalam.

Daga mai karatu,
Zariya, Jihar Kaduna