Filin Ƴan'uwa Kirista: Kututturen da Muka Raina

Yau zancenmu bisa sauyin da mutum bai so ba, amma Ubangiji ya ɓoye albarka cikinsa.

Dattawan jahar Maraɗi ba su manta da farin 1984 ba. Gero ya ƙone, rumbuna suka zama wayam, bisashe suka mutu. A lokacin akwai wani ɗan mishan, mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo. Tun 1983 ya lura cewa sabara da kalgon da muke sarewa kowace bazara ba su mutu ba, saiwarsu tana da rai ƙarƙashin ƙasa. Da aka fara raba cimaka, sai aka sa sharaɗi: mai son hatsi ya bar kututture cikin gonarsa, ya zaɓi rassa masu ƙarfi, ya datse sauran. Shi ne sassaben zamani.

Mahaifina bai so ba ko kaɗan. A ganinsa gona mai itace gonar raggo ce, kuma tsuntsaye za su samu mazauni su cinye gero. Yunwa ce ta sa ya yarda. Da taimako ya ƙare, mutane da yawa suka sare nasu. Shi ma ya wasa gatari, sai mahaifiyata ta roƙe shi ya bari, don ta gaji da tafiya nesa neman itacen wuta.

Damina ta zo. Gonakin da aka share, iska ta rufe shukarsu da rairayi, sai da aka sake shuka. Tamu itatuwa suka kāre ta. Ganye ya zuba ya zama taki, awaki suka samu abinci da rani. Gawo kuwa da damina yake kaɗe ganyensa, ba ya tare wa gero rana. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 bisa hekta miliyan 5 a ƙasarmu ta wannan hanya.

Ku buɗe Yohanna sura 15. Can Yesu Almasihu ya kwatanta Uba da manomi mai datse reshe domin ƴaƴa su ƙaru. Datsewa da zafi take, reshe kuma bai san dalili ba. Ku tuna da Yusufu: ƴan'uwansa suka sayar da shi, amma ta wannan hanya gidan ubansa ya tsira daga yunwa a Masar.

Ba mu ce fari alheri ba ne. Wasu sun binne ƴaƴansu a shekarar, kuma hawayensu ba abin wasa ba ne. Abin da muka gani shi ne Allah bai bar mu da asara kaɗai ba.

Ɗan'uwa, ko ƙaura ce ta same ka, ko rashin aiki, ko ciwo, kada ka yi gaggawar ɗaukar gatari. Ka yi addu'a, ka duba abin da ya rage da rai, ka yi renonsa.

Allah shi ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.