Faɗakarwa ga jama'ar hanyar Gabas a kan ruwa da tsabta

 Zuwa ga limamai da malaman allo da masu gida na Mai Wurno da Wad Madani da Gadarif da sauran wuraren da jama'a ta sauke kaya a kan hanyar Gabas.

Mai karatu ya sani, duk yaron da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san hukuncin ruwa: in launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su sauya ba, alwala da shi ta yi, wanka ya yi. Wannan gaskiya ce, ba mai jayayya a kanta. Sai dai wasu sun ɗauki hukuncin nan sun kai shi inda malamai ba su kai shi ba, suna cewa ruwan da ya halatta ga alwala ya halatta ga ciki. Malamai sun yi magana ne a kan abin da ido da harshe da hanci ke iya ganewa, domin a sauƙaƙa wa bayi ibada. Cuta kuwa tana shiga ruwa garau, ba ta sauya masa kome.

Shaida ita ce amai da gudawa, wadda ake ce wa kwalara. A shekara ta 1865 ta faɗa wa alhazai a Makka, ta kashe dubbai, ta bi masu komowa zuwa Masar, daga nan ta haye Turai. Saboda irin wannan ne aka riƙa tsare jiragen alhazai a tsibirin Kamaran kafin su isa Jidda. Tun 1854 wani likita a birnin Landan, John Snow, ya bi gidajen mamata ya tarar yawancinsu rijiya ɗaya suke sha, ya sa aka cire hannun famfonta. Bayansa Robert Koch, mutumin Jamus, ya bi sawun ƙwayar cutar a Masar da Kalkata a 1883 da 1884. Abin da suka tabbatar abu ne mai nauyin faɗa: bayan gidan mutum ne ke komawa bakin ɗan'uwansa, ta rijiya, ta hannu, ta ƙuda. Kuma ba tsohon labari ba ne, domin a 2024 cutar ta sake ɓarkewa a Sudan, bayan yaƙin da ya tashi a 2023 ya tarwatsa mutane ya lalata wuraren ruwa.

To, a dubi zaman jama'a. Buta ɗaya ce a ƙofar masallaci, hannu ashirin na ɗaukarta. Ƙwarya ɗaya ce a tsakar gida, almajirai bakwai na zagaye da ita. Randa ɗaya, moɗa ɗaya, kowa na tsoma hannu har wuyansa. Wannan zumunci ne, kuma ba mai son a rabu da shi. Amma saboda shi ne ƙazantar mutum ɗaya ba ta tsayawa a kansa. Wanda ya fito daga salga ya yi tsarki da ruwa kaɗai, ya tsarkaka ga salla, bai tsabtace ga akushi ba sai ya cuɗa hannu da sabulu, in babu sabulu da toka. Kuma abin mamaki, sai a ga dattijo da farin rawani, rigarsa ta sha bula, salgar gidansa kuwa taku biyar ce daga rijiya. Masana suna cewa a bar tsakaninsu kamar mita 30, salga kuma ta zauna ƙasa da rijiya in wurin gangare ne.

Ga mutanen Jazira akwai ta biyu, tsargiya. Tun da aka gama madatsar Sannar a 1925 aka ja ruwa zuwa gonakin auduga, jama'a da yawa suka sami abin guzurin hajji a can, cutar kuma ta sami gida a tur'a. Mai ita ya yi bawali ko bayan gida a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, ya fito ya huda fatar yaron da ke wanka ko matar da ke wanki. Shari'a dama ta hana bawali a ruwa mai tsayuwa, ta hana ɓata hanya da inuwa da mashaya. An karanta babin, aiki da shi ne ya yi ƙaranci. Masu cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro, su daina. Ciwo ne, kuma asibiti na da maganinsa.

Wasu za su ce annoba ƙaddara ce. Haka ne, kuma tafasa ruwa ma cikin ƙaddara yake. Malamin da ke wanke allo domin mara lafiya ya sha, ya fi kowa cancanta ya duba ruwan da ya wanke da shi, kada a zo neman waraka a koma da gudawa.

In cutar ta shiga gida, kada a hana mai ita ruwa da zaton zai tsayar da cikin, domin bushewar jiki ce ke kisa. A sami lita ɗaya ta dafaffen ruwa, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a isa wurin likita. Masu wankan gawar wanda ya rasu da ita su wanke hannu da sabulu sosai, kuma kada su taɓa abincin zaman makoki a ranar.

Wanda takardar nan ta isa hannunsa ya kwafe ta ya miƙa gaba, liman kuma ya karanta wa jama'a bayan la'asar, a aika yaro ya karanta wa mata a cikin gida, tun da randa a hannunsu take. Wassalamu.