Lafiya Uwar Jiki: Maganin da ba ya jituwa da ƙishirwa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu yi magana a kan wani ciwon ƙwaƙwalwa da maganinsa.

Akwai mutumin da za ka ga ya yi sati biyu ba ya barci, yana ta zuba surutu, ya sayar da akuyarsa ya raba kuɗin a kasuwa. Bayan wata ƴan watanni sai ya kwanta a ɗaka, ba ci, ba magana, har ya ƙi rayuwa. Mutane su ce iskoki ne, su ɗaure shi da mari. Ciwo ne, kuma yana da magani. Ɗaya daga cikin tsofaffin magungunansa shi ne litiyom, wani irin gishiri. Wani lokotoro na Ostareliya, John Cade, ya gwada shi ga marasa lafiya a 1949.

Yaya yake aiki? A cikin ƙwaƙwalwa jijiyoyi suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai. Ɗaya sunansa serotonin. Yana da hannu a barci, da cin abinci, da kwanciyar rai. A 1981 masana a Amurka sun ba ɓeraye litiyom na tsawon lokaci, suka ga wani sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe tunawa yana ƙara sakin serotonin. Wannan ɗaya ne cikin hanyoyin aikinsa. Canjin kuwa sannu yake zuwa, kamar ruwa da ke tsattsafowa a rijiyar fadama. Sai an yi makonni ana sha kafin a ga amfani. Wanda ya daɗe a kansa, ciwon yana rage dawowa, haɗarin kashe kai ma yana raguwa.

To, ga inda abin ya shafe mu nan Adar. Ƙoda ce ke fitar da litiyom ta fitsari. In jiki ya bushe, sai ƙoda ta riƙe shi, ya taru a jini ya zama guba. Ku tuna da zafin Afrilu da Mayu a Buza da Keita, da makiyayi mai yini bayan shanu da gora ɗaya. Gumi, zawo, amai, zazzaɓi, duk suna kawo haka. Gishiri da kanwa ma suna da hannu: in aka yanke gishiri farat ɗaya maganin ya taru, in aka yawaita kanwa ya fita da sauri. Ibuprofen da diclofenac na masu talla a kasuwar Madawa, waɗanda ake haɗiya don ciwon baya lokacin noma, suna tara shi a jini. Ni dai a ganina wannan ne tarkon da ya fi kusa da mu.

In hannu ya kama makyarkyata sosai, tafiya ta zama ta tangaɗi, harshe ya yi nauyi, a dakata da shan maganin a kai mutum asibiti ranar nan.

Ba maganin saye a tire ba ne. Lokotoro ke rubuta shi, kuma sai ana awon jini lokaci lokaci, a duba ƙoda da maƙoƙo. Mai ciki, da mai niyyar azumi, da mai shirin tafiya ci-rani, su fara shawara da shi. Kada a bar shi don an ji sauƙi, ciwon yana iya dawowa da ƙarfi. A fara daga asibitin Madawa, Buza ko Keita, su za su tura mutum Tawa ko Yamai in da bukata.