Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyar Masu Shirya Finafinai ta MOPPAN Kan Ayyukan Marigayiya Daso

Daga Nasarawa Burkullu, Ƙaramar Hukumar Bukkuyum, Jihar Zamfara



An haifi Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, a 1968. Malamar makaranta ce kafin ta shiga Kannywood a 2000 da fim ɗin Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya. Bayansa ta fito a Nagari, Gidauniya, Mashi da Sansani.

An fi ba ta matsayin masifaffiyar mace mai makirci, ta kuma riƙe shi da gwaninta har wasu 'yan kallo suka ɗauka halinta ke nan. Harara da murguɗa bakinta kan isar da saƙo tun ba ta ce uffan ba. Allah Ya yi mata rasuwa a Kano ranar 9 ga Afrilu, 2024, a ƙarshen azumi.

Finafinanta na farko a kaset da faifai suka fito, waɗanda zafi da ƙura ke lalatawa, kuma shagunan hayarsu sun ƙaranta. Don haka ana roƙon ƙungiyar MOPPAN ta tattaro su daga hannun furodusoshi, ta mayar da su kwamfuta, ta ajiye kwafi a Jami'ar Bayero domin ɗalibai da manazarta.