Wankin Dogon Gashi a Ƙasar Hunturu

Duk wanda ya zauna birnin Sakkwato ya ga shigar hunturu da fitarsa, tun daga watan Nuwamba har zuwa ƙarshen Fabrairu, sa'ad da iskar arewa maso gabas ke tasowa daga hamada ɗauke da ƙura, ta tsotse danshin sarari har leɓɓa su tsattsage, dugadugai su yi faso, ba ya bukatar a kafa masa wata doguwar hujja kafin ya yarda cewa abin da ke samun fata shi ne ke samun gashin kai. Sai dai fata tana da rai, tana gyara kanta, gashi kuwa da zarar ya fito daga tushensa ba shi da sauran ikon warkar da abin da ya ɓaci a jikinsa. Hunturu na wucewa kuma sai bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, gumi ya riƙa taruwa ƙarƙashin ɗankwali da hijabi. Saboda haka mas'alar abin da mace mai dogon gashi za ta wanke kanta da shi a wannan gari mas'ala ce da ta cancanci a zauna a yi mata nazari, balle ga shi Abu Dawuda ya ruwaito umurnin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ga wanda Allah Ya ba gashi da ya mutunta shi.

Wanda ya shiga Babbar Kasuwa, ko kantunan kayan shafa da ke bakin titin Ahmadu Bello, zai tarar da kwalabe jere, kowace da hoton wata baiwar Allah mai gashi har gadon baya, kowace kuma da alkawarin mayar wa busasshen gashi laushi da danshi. Mai kanti ya ce, "Hajiya, ɗauki wannan, ɗan waje ne, ga ƙamshi ga kumfa." Ita kuwa ta ce, "To, Allah Ya sa a dace, don gashin nan nawa ya ƙi tsawo, kullum sai karyewa." Ra'ayina a kan wannan ciniki shi ne, an aza shi bisa ma'aunin da ba daidai ba. Shamfu, kowane iri ne, an yi shi ne domin ya ɗebe maiƙo da dauɗa, kuma abin da zai zauna a kai minti biyu ko uku sa'an nan a ɗauraye shi ba shi da halin shayar da gashi komai na a zo a gani. Wanda ake kira mai sa laushi, fifikonsa a kan sauran shi ne ya ɗebe dauɗa ba tare da ya kwashe ɗan maiƙon da gashi ke rayuwa da shi ba, ya kuma bar ɗan santsi bayansa. Da wannan ya kamata a auna shi. Yawan kumfa ba shaida ba ce ta tsabta, bal ma sau da yawa alama ce ta ƙarfin da busasshen gashi ba ya iya ɗauka.

Dalilin haka yana cikin halittar gashin kansa. Kowane sili ɗaya yana lulluɓe da wasu 'yan ɓawo ƙanana waɗanda ido ba ya gani, an jera su wani bisa wani kamar yadda ake jera shuci wajen baibayar ɗaki. In suna kwance, gashi ya yi sheƙi ya riƙe ruwan da ke cikinsa, in suka tashi, ya yi kaushi, ya harɗe da 'yan'uwansa, ruwansa ya tsere. Fatar kai tana fitar da wani maiƙo wanda aikinsa shi ne ya bi silin ya shafe shi, amma gashin galibinmu nannaɗaɗɗe ne, maiƙon ba ya samun hanyar gangarawa sosai, sai ya tsaya kusa da tushe. Gashi kuwa yana ƙaruwa da misalin santimita 1 a wata, wani ma bai kai haka ba. Ashe ke nan matar da gashinta ya kai santimita 30, bakinsa ya shekara biyu da rabi ko fiye a duniya, ya sha hunturu biyu ko uku, ya sha kitso da tsifa da mataji ba adadi. Tushe sabo ne mai maiƙo, baki tsoho ne busasshe, alhali kuwa mu da abu ɗaya muke cuɗa su, da ƙarfi ɗaya. Yawancin masu cewa gashinsu ya ƙi tsawo, yana tsirowa lafiya lau daga ƙasa, daga sama ne yake kakkaryewa daidai gwargwadon abin da ya tsiro.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan al'amari shi ne wanke kai da sabulun wanki, ko da garin wanke tufafi, wanda har yanzu ake yi a gidaje da yawa, musamman ga 'yan mata ƙanana ranar tsifa. Masana sun sa ma'auni mai hawa 14 na gane tsami da kishiyarsa. Fatar kai tana wajen 5.5, watau tana da ɗan tsami kaɗan, sabulu kuwa yana tsakanin 9 da 10, ta ɓangaren kanwa da toka, kuma irin wannan yana kumbura sili ya ɗaga ɓawonsa. Ga kuma sha'anin ruwa. Ƙasar da ke kewaye da mu tana da dutsen alli, shi ya sa ma aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina, kuma ruwan waɗansu rijiyoyi da burtsatse yana ɗauke da wannan alli, alamarsa ita ce farin abin da ke daskarewa a gindin tukunyar dafa ruwa. Sabulu in ya gamu da irin wannan ruwa sai ya bar wani dafi-dafi mai manne wa gashi, ya dushe shi, ya sa shi tauri. Wannan matsala ce ta sa Turawa suka bar sabulu wajen wankin kai: kamfanin Schwarzkopf ya fitar da shamfu na ruwa a Jamus a 1927, cikin shekarun 1930 kuma aka fara yin wanda ba sabulu a cikinsa sam. Ko sabulun salo, da nake ganin girmansa wajen wanka, yana cikin wannan hukunci in aka zo ga dogon gashi busasshe, sai fa in an tsarma shi ƙwarai, an kuma bi bayansa da ruwan da aka ɗiga wa lemun tsami kaɗan.

To, yaya za a zaɓa? A juya kwalba a karanta bayanta, domin a gaba talla take, a baya kuwa aka jera abubuwan da aka haɗa, kuma ƙa'ida ita ce a fara da wanda ya fi yawa. Bayan ruwa, abin da ya biyo shi ne mai wankin. In an ga sodium lauryl sulfate ko ammonium lauryl sulfate, to, mai ƙarfi ne, ya fi dacewa da kai mai yawan maiƙo. Sodium laureth sulfate ya fi su sauƙi, musamman in an gama shi da cocamidopropyl betaine, waɗanda sunansu ya ƙare da glucoside kuma sun fi duka taushi. Man kaɗe ko man zaitun da aka zana hotonsa a gaba, in sunansa ya zo can ƙarshen jeri bayan turare, to, abin da aka sa bai taka kara ya karya ba. Na san sunayen nan suna da nauyi a baka, amma ba a bukatar furta su. Ya isa mace ta rubuta su a takarda, ko ta sa ɗiyarta 'yar makaranta ta duba mata. A kuma nemi lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 wadda kayan shafa ke cikin abin da take sa wa ido, a guji wanda aka ɗura a kwalbar da ba suna ba kwanan wata, komai arharsa, domin algus a wannan fanni ya yi yawa.

Wadda ba ta da kuɗin kwalba kuwa kada ta ɗauka an bar ta a baya. Kakanninmu sun san karkashi, wanda in aka jiƙa busasshen ganyensa yakan saki yauƙi mai wanke kai a hankali, ya warware harɗewa, mataji ya wuce ba tare da ya tsinka ba. Sun san garin ganyen magarya, wanda ambatonsa ya zo cikin hadisan wanka. Matan Fulani kuma tun fil azal suna shafe gashi da man shanu, ga man kaɗe da man alayyadi a kasuwanninmu. Wanda ya lura zai ga hikimar waɗannan mata ita ce ainihin abin da masana'antu ke nema yau da sinadarai: wanki mai sauƙi, santsi lokacin tajewa, maiƙo a kulle danshi. Ina ganin abin kunya ne a ce matar birni ta raina karkashi don a miya aka san shi, ta koma ga garin wanke tufafi don yana kumfa. Sharaɗin karkashin kawai a tace shi da kyau, a haɗa na yini ɗaya, domin jiƙaƙƙe ba ya kwana, man shanu kuma kada a bar shi ya daɗe a kai har ya canza wari.

Yadda ake wankin ma ya kai abin wankin muhimmanci, in bai fi ba. Idan aka yi tsifa, kyautuwa ya yi a raba gashin kashi huɗu ko shida, a shafe kowane kashi da mai tun daga tsakiya har baki, a bar shi kamar sa'a guda kafin ruwa ya taɓa shi. Wasu masu bincike a Indiya sun nuna a 2003 cewa man kwakwa, in aka shafa shi gabanin wanki, yana shiga cikin sili ya rage zubewar abin da aka gina gashin da shi. Sa'an nan a jiƙa kai da ruwa mai ɗumi, banda mai zafin da sanyin hunturu ke kwaɗaita wa mutum, a tsarma shamfu kaɗan a tafin hannu, a cuɗa fatar kai da kan yatsu ba da farce ba, a bar kumfar ta gangara ta wanke sauran gashin da kanta, kada a tattara shi a tsakiyar ka ana murzawa. Sau ɗaya ya wadatar, sai in ƙura da mai sun yi yawa. Bayan ɗauraya a shafa kwandishana a baki, domin shi ne mai kwantar da ɓawon da wanki ya ɗaga, a taje da mataji mai manyan haƙora daga baki zuwa tushe, a tsane da tsumma mai laushi, a shafa man kaɗe tun da sauran lema. Mai ba ruwa ba ne, abin da yake yi shi ne tsare ruwan da ya tarar, don haka lafta shi bisa gashin da ya riga ya bushe ƙayau ba ya haifar da komai sai kama ƙura. Wanki sau ɗaya a mako ko a mako biyu shi ne abin da likitocin fata ke shawarta ga irin gashinmu, kuma kada a ɗaura ɗankwali ko a zura hijabi kai na jiƙe.

Akwai wata mas'ala ta fiƙihu da ke rataye da wannan, wadda na ga tana rikita matan aure, har waɗansu suna wanke kai da sabulu duk lokacin da wanka ya wajaba a kansu, gashi ya ƙare a banza. Wankan ibada daban, wankin kai daban. Ɗan Abi Zaidi ya bayyana cikin Risala cewa ba a ɗora wa mace kwance kitsonta ba domin wankan janaba, abin da ake nema shi ne ta zuba ruwa ta cuɗa har ya ratsa, malaman da suka yi sharhi kuma suka togace kitson da ya yi tsananin tsauri, ko aka cika shi da zare, har ruwa ba ya shiga. Haka nan duk wadda ta karanta Ishmawi ta san ruwan da wani abu mai tsarki ya jirkita launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya halatta ga al'ada, bai halatta ga ibada ba. Ke nan shari'a ruwa tsantsa take nema, ba ta nemi kumfa ba, wadda kuma ta haɗa wankin kai da wankan tsarki a rana ɗaya sai ta fara ɗauraye shamfu sarai, sa'an nan ta yi niyya. Garin da Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'yan taru domin karantar da mata hukuncin tsarki da salla bai kamata irin wannan sauƙi ya ɓoyu ga matansa ba, ina kuma roƙon malamai mata na makarantun Islamiyya su riƙa faɗinsa a sarari.

Ya rage a faɗi abin da shamfu ba ya magani, komai tsadarsa. Gashin goshi da ke ja da baya saboda kitso mai tsauri, laifin na hannun makitsiya ne da mai cewa a ƙara ja don ya daɗe, kuma in abin ya ɗauki shekaru tushen yakan mutu, ba ya sake tsirowa. Man miƙar da gashi, wanda ƙarfinsa ya kai hawa 12 ko fiye a ma'aunin da na ambata, yana raunana sili raunin da ba ya gyaruwa sai sabo ya fito. Zubar gashi 'yan watanni bayan haihuwa galibi takan tsaya da kanta, amma wadda ta zo tare da kasala da fari a ido tana iya zama ƙarancin jini. Amosani mai tsanani da makero a kan yara kuwa sha'anin likita ne, makeron kai ma sai da maganin sha yake warkewa, don haka uwar da ta ga gashin ɗiyarta yana cirewa wuri-wuri, da ɓawo ko ƙuraje, ta kai ta asibiti tun abin bai bar tabo ba.